Sabuwa a Kwali ko ta Samfur? Yadda Ake Zaɓen Laftof a Fagge da Sabon Gari

Wata Asabar na raka ɗan yayata sayen laftof. Ya samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero, mahaifiyarsa ta kwashi adashi ta damƙa mini kuɗin a leda, ta ce, "Ga amana nan, kai ka san kan abin." Muka sauka a titin Beirut, muka shiga wani shago mai kantar gilashi. A saman kantar akwai wata siririyar laftof mai ruwan azurfa, a kunne, hotunan duwatsu da teku na ta sauyawa a fuskarta.

Yaron shagon ya ga inda idonmu ya tsaya. Ya ce, "Alhaji, wannan samfur ce. Ba wanda ya taɓa aiki da ita, kallo kawai ake yi. Maigida ya ce duk wanda ya taya a yi masa ragi."

Ɗan nawa ya riga ya kamu. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kawu, ai sabuwa ce, kwali ne kawai babu."

Ban musa masa ba. Na roƙi kujera da wurin jona caja, na ce a ba ni rabin awa. Abin da na yi a wannan rabin awar shi ne zan shimfiɗa a nan, domin shi ne ke raba wanda ya tsinci dami a kala da wanda ya sayi wahala da kuɗinsa.

Da farko a san cewa kalmar "samfur" a kasuwarmu babbar riga ce, tana rufe abubuwa da yawa. Akwai samfur ta gaskiya, wadda mai shago ya fasa kwalinta ya ajiye don masu saye su gani su taɓa. Akwai wadda wani ya saya ya dawo da ita bayan mako biyu saboda wata matsala, aka goge ta aka ɗora a kanta. Akwai wadda ta zo daga Dubai ko Amurka da buɗaɗɗen kwali. Akwai kuma tokumbo mai tsabta, wadda ta shekara uku a wani ofishi a Ingila, ta biyo ta Kwamfuta Bilej ta Ikeja ko kasuwar Alaba ta iso Kano, aka shafe ta da man goge gilashi. Duka huɗun za ka iya jin an kira su samfur, kuma ba lallai yaron shagon ya yi maka ƙarya da gangan ba, sau tari shi ma abin da aka faɗa masa ke nan. Ita ma "sabuwa dal a kwali" ba a rantsuwa a kanta, don ledar da ake naɗe kwali da ita ba wuyar samu take yi ba. Saboda haka daga titin Beirut zuwa France Road, zuwa cikin kasuwar Sabon Gari, har ka tsallaka Fam Santa a Tarauni, dokar ɗaya ce: ka saurari mai kaya cikin mutunci, amma shekarun na'ura ita za ka tambaya. Tana rubuta tarihinta a cikinta, kuma ba ta iya ciniki ba balle ta ɓoye.

Mu ɗauka ma samfur ɗin ta gaskiya ce. Me ta rasa? Mutane na cewa ai ba a yi aiki da ita ba. To, amma zaman kanta ma aiki ne. Tun da aka buɗe shago da safe take jone da wuta har a tashi, batirinta cike taf, a cikin zafin Kano da kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Batirin litiyam kuwa ba abin da ke tsufar da shi kamar haɗuwar waɗannan biyun, wato cikar caji da zafi. Ga ɗauke wuta da kawo wuta, ga sauyi zuwa janareta sau nawa a yini. Ga ƙurar hunturu da fankarta ke zuƙa. Ga hannu ɗari da ya buɗe murfinta ya rufe, wani ta tsakiya, wani ta gefe guda kamar mai ɓare gyaɗa. Sannan ga abin da ido ba ya gani: garantinta na iya kasancewa yana ta tafiya tun ranar da ta baro kamfani.

Da batir ake farawa, don shi ne ya fi saurin tona asiri. Idan Windows ce a kai, ka danna maɓallin Windows, ka rubuta cmd, ka buɗe baƙin allon da ya fito, ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Za ta nuna maka inda ta ajiye rahoton, sai ka buɗe shi. Layi biyu kake nema. DESIGN CAPACITY shi ne abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi, FULL CHARGE CAPACITY kuma abin da yake iya ɗauka yau. Ka raba na biyu da na farko. Sabuwa ta gaskiya za ka ga lambobin kusan kai ɗaya. Samfur ta 'yan watanni bai kamata ta yi ƙasa da kashi 90 cikin 100 ba. Idan ta faɗo ƙasa da 80, a ganina ka sa kuɗin sabon batir a lissafinka tun yanzu. Tamu ta ranar nan, na farko dubu 41 da 'yan kai ne, na biyu dubu 27. Kashi ɗaya cikin uku ya riga ya tafi. Na juya fuskar na nuna wa yaron shago, ya sosa ƙeya ya ce bari ya kira maigida.

Wasu na'urorin sukan nuna har adadin zagayen caji a rahoton, wasu ba sa nunawa. A MacBook kuwa yana nan a bayanan na'ura, ƙarƙashin sashen wuta, kuma Apple na ƙiyasta batiran MacBook na zamani a kan zagaye 1,000. Samfur da ke jone kullum zagayenta kaɗan ne, wannan ba abin mamaki ba ne, kuma ba shaidar lafiya ba ce. Amma idan an ce maka samfur ce ka ga zagaye 300, to wani ya sha yawo da ita a jaka. Kada kuma ka tsaya ga lambobi kaɗai. Ka ajiye ta a kan gilashi ka ga ko tana rawa, ka shafa wurin linzamin yatsa ka ji ko ya ɗago ko ya yi tauri wajen dannawa. Batir in ya kumbura nan yake fara turowa, kuma kumburarren batir ba abin kwana da shi a ɗaki ba ne. Daga nan ka zare caja, ka ƙure haske, ka kunna bidiyo, ka ci gaba da sauran binciken kana satar kallon yadda cajin ke sauka. Wanda ya yi tsalle daga 60 zuwa 35 a lokaci guda ya gama yawo.

Sai ma'ajiya, wadda 'yan kasuwa ke kira hadis. Kafin ka baro gida ka sa wata 'yar manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo a filas ɗinka. Tana nuna lafiyar ma'ajiyar, da sau nawa aka kunna ta, da jimillar awannin da ta yi a kunne. A nan lissafin 'yan firamare ya ishe ka. Shagon da ke buɗe awa 10 a yini, kwana 6 a mako, zai tara awa 3,000 da ɗoriya a shekara. Idan mai kaya ya ce wata uku ta yi a kanta, awa 700 zuwa 800 ya kamata ka gani. Ka ga 9,000, to shekarunta sun kai uku a hannun wani. Akwai kuma juyin wannan, wanda ya fi wayo: ma'ajiya ta nuna awa 15 kacal, alhali batir ya tsufa, harafin A da E sun yi sheƙi saboda shafar yatsa. Ma'anarsa an sauya ma'ajiyar. Sauyawar ba laifi ba ce, wataƙila ma alheri ce, sai dai tana gaya maka cewa na'urar ba budurwa ba ce kamar yadda aka tallata ta.

Yanzu ga inda aka fi yi wa mutanenmu sakiyar da ba ruwa, kuma ya shafi sabuwa da tsohuwa baki ɗaya. Mai saye ya shigo yana cewa shi dai "Core i7" yake so, don ya ji an ce ita ce babba. Alhali i7 suna ne na gida, ba shekarun haihuwa ba. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga sashen Performance, ka karanta cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwar. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zuriya. i7-3520M zuriya ta 3 ce, ta 2012. i5-8250U ta 8 ce, ta 2017, kuma ta fi waccan i7 ɗin gudu nesa ba kusa ba. Daga zuriya ta 10 lambobi biyun farko ake karantawa, i5-1135G7 ta 11 ke nan. Wannan ya daina zama zancen 'yan gayu, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance kusan daga zuriya ta 8 take karɓar ƙwaƙwalwar Intel. Masu gyara sun iya cusa ta a tsofaffi ta bayan gida, shi ya sa ganin Windows 11 a fuska ba hujja ba ce. A wannan shafin dai za ka ga yawan ram, da ko ma'ajiyar SSD ce ko tsohuwar mai faifai. In kana da kokwanto, ka kashe ta ka shiga BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, don abin da ke can ya fi wuyar yi wa kwaskwarima.

Tunda ka shiga BIOS, kada ka fito sai ka yi abu biyu. Ka duba lambar siriyal, ka gwada ta da wadda ke ƙarƙashin na'urar da wadda ke jikin kwali in akwai. Uku su zama ɗaya. Sannan ka ɗauki wayarka ka shiga shafin kamfanin, HP da Dell da Lenovo duk suna da wurin da ake sa lambar a ga ranar da garanti ya fara da ranar da zai ƙare. Minti biyu ne, amma ya fi rantsuwa goma. A nan ne "sabuwa dal" kan zama 'yar shekara biyu. Ka kuma sani cewa garantin kayan da aka sayo don kasuwar wata ƙasa ba lallai ya yi maka aiki a Najeriya ba. Abu na biyu, ka gwada sauya wani ƙaramin saiti ka adana. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ka miƙe ka yi sallama.

Makullai iri-iri ne. Akwai laftof ɗin kamfanonin waje da ke aiki lafiya ƙalau, sai ranar da ka goge ta ka sake ɗora Windows, tana hawa intanet sai ta nemi ka shiga da asusun wani kamfani da ba ka taɓa jin sunansa ba. A MacBook kuma asusun iCloud na mai ita na farko ne, in bai fita ba ka sayi madubi mai tsada. Maganin duka ɗaya ne: a mayar da na'urar ɗanya a gabanka, a haɗa ta da intanet ɗin wayarka lokacin saitin farko, ka shiga da asusunka kafin kuɗi ya bar hannunka. Wannan ma shi ke wanke samfur daga yanayin talla da manyan shagunan waje ke sa mata. Kuma duk arahar da aka yi maka, kada ka sayi laftof a hannun wanda ya tare ka a bakin titi ba shago ba rasit. Ranar da mai ita ya biyo sawu, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Sauran binciken na ido da hannu ne, ba sai na ja shi ba. Ka cika fuskar da fari, sannan baƙi, sannan ja, ka nemi ɗigon da ya ƙi sauya launi, ko inuwar hoton talla da ta zauna daram, abin da kan samu fuska irin ta OLED in ta daɗe tana nuna abu guda. Ka buɗe Notepad ka danna kowane harafi. Ka buɗe murfi ka rufe a hankali kana sauraron ƙara, ka duba ko kusurwoyin sun fara buɗe baki. Ka soka filas ɗinka a kowace kafa, ka gwada kyamara da lasifika da makirfo. Ka juya ta ka kalli kawunan sukurori, in sun sha sukundireba za ka gani. Ka sa tafin hannu a inda iska ke fita bayan minti 15 na bidiyo: ɗumi daidai ne, amma fanka mai kuka kamar injin markaɗe tana neman wanki ko sauyi.

Madannan ma kan ba da labarin ƙasar da aka fito. In ka ga alamar fam a kan lamba 3, 'yar Ingila ce. In layin sama ya fara da AZERTY, ta ƙasashen Faransanci ce, irin masu shigowa ta Kwatano ko Maraɗi, kuma ɗalibin da zai zauna jarrabawar kwamfuta gara ya saba da QWERTY. Mai haruffan Larabci yawanci ta Dubai ce ko Saudiyya, ga ɗalibin Islamiyya kuwa wannan riba ce. Fagge dai tun zamanin ayarin raƙuma zangon baƙin kaya ce, abin da ya sauya kawai shi ne irin kayan.

Kada ka manta da caja. Samfur da yawa cajarta ta asali ta daɗe da bin wani mai saye, sai a haɗa ka da ta gwangwan. Ka karanta wat ɗin da ke jikinta, 45 ko 65 ne a yawancin ƙananan laftof, ka auna nauyinta a hannu, don jabu ba ta da nauyi. Dell ma har faɗa take yi lokacin kunnawa in ba ta gane cajar ba, kuma takan rage gudu ko ta ƙi caji.

To, bayan duk wannan, wacce za a ɗauka? Ga yadda nake lissafi. Ka tambayi kuɗin irinta sak a kwali a shago uku, ba a shago ɗaya ba. Ka tambayi masu gyara kuɗin batirinta mai kyau da kuɗin sawa. Ragin da za a yi maka a kan samfur dole ya biya batirin, ya biya caja in ba ta asali ba ce, sannan ya bar maka wani abu a madadin garantin da ya ƙone. In ragin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, ni ban ga dalilin barin ta kwali ba. Daga kashi 20 zuwa 25, ga batir mai lafiya, ga lambobi sun yi daidai, to ciniki ya fara kyau. Ka tuna kuma farashin wannan kaya a Wapa ake yanka shi, wurin 'yan canji. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, kowane mai shago da farashin dalar yau yake kallon kayan da ya saro bara. Saboda haka kada ka ɓata bakinka kana cewa ai tsohon kaya ne. Ka nuna masa lambar batir. Ɗan kasuwar Kano, Bahaushe ne ko Ibo, yana girmama mai sayen da ya san abin da yake taya, kuma "albarka" ɗinsa na farko ba shi ne ƙarshen magana ba.

Akwai tarkon da ke gefen sabuwa, wanda ba a cika faɗa ba. Mai ƙaramin kuɗi da ya dage sai ta kwali, sau da yawa abin da kuɗinsa zai kai shi ne mai ƙwaƙwalwar Celeron, ram 4, ma'ajiya 64 da aka liƙe a jikin allon ciki ba ta ciruwa. Kyan ɗan maciji ke nan. Wata shida ba za a yi ba zai fara jiran minti guda kafin shafi ya buɗe. Da wannan kuɗin, tokumbo ta ofis irin su ThinkPad T480, ko Latitude 7490, ko EliteBook 840 G5, dukkansu 'yan 2018, yawanci masu zuriya ta 8, sun fi ta ƙarfi da ƙwari, ana ƙara musu ram, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu a Kano. Ni dai ga ɗalibi ko mai shagon buga takardu, ram 8 da SSD 256 ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi. Wanda ya kamata ya dage kan sabuwa daga dila mai rasit na kamfani shi ne mai saya wa ofis ko makaranta, wanda za a tambaye shi takarda, da mai tace finafinai ko zanen gine-gine da zai zuba miliyoyi a na'ura ɗaya, da kuma wanda zai tafi da ita garin da babu mai gyara kusa.

In an yi sallama, saura rubutu. Rasit ya ɗauki sunan shago da lambarsa, ranar ciniki, nau'in na'ura, lambar siriyal, da kalmar da aka sayar maka da ita a kai, sabuwa ko samfur ko ta hannu. Ya kuma faɗi kwana nawa aka ba ka na gwaji, da abin da zai faru in matsala ta fito: sauyi ne, gyara ne, ko mayar da kuɗi. "Ai muna tare, Alhaji, ko me ya faru ka dawo" magana ce mai daɗi, amma ba a kai ta gaban shugabannin kasuwa. Neman wannan ba rashin yarda ba ne. Malaman fikihu sun daɗe da yin bayanin zaɓin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye, da zaɓin da aka gindaya na 'yan kwanaki. Dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta wajabta a sanar da mai saye in kayan na hannu ne ko gyararre ne. In taransfa za ka yi, ka tura asusun da ke ɗauke da sunan shagon ko na maigidan, ba na wani yaro da ya ce ka tura nasa ba. In dillali ne ya kawo ka, ka san la'adarsa na cikin kuɗin da aka faɗa maka.

Maigidan shagon nan da ya zo, dattijo ne mai fara'a. Ya kalli lambobin, ya yi dariya ya ce, "Malam, kai ma ɗan hannu ne ashe." Ya rage wani abu, amma ragin bai kai kuɗin batir ba, muka yi musabaha muka fito ba tare da kowa ya ɓata rai ba. Layi biyu gaba muka samu wata baƙar laftof ta ofis, mai ɗan ƙarce a murfi, zuriya ta 8, batirinta na kan kashi 88. Ɗan nawa ya ɗan tsuke fuska don ba ta da sheƙi. Da ragowar kuɗin muka ƙara mata ram, muka sayi jaka mai soso da abin kare ta daga hawa da saukar wuta, muka ci tsire a Fagge, na mayar wa yayata canjin dubu huɗu a cikin ledarta.